Rumfar Valdocco da Shugaban da Ke Tsakar Gida

Ranar Lahadi 12 ga Afrilu 1846 wani limamin cocin Katolika ɗan shekara 30 ya shiga wata doguwar rumfa da ɗaruruwan yara a bayansa, a unguwar Valdocco da ke gefen birnin Turin a arewacin Italiya. Rumfar ta wani mutum ce mai suna Francesco Pinardi, rufinta kuwa ya yi ƙasa ƙwarai, sai da aka haƙe daɓen kafin babba ya iya miƙewa tsaye a ciki. Limamin shi ne Giovanni Bosco, wanda duniya ta fi sani da Don Bosco. Wurin kuma shi ake kira Oratoriyo: filin wasa da ɗakin ibada da 'yan ɗakunan karatu, ƙofa a buɗe, ba kuɗin shiga, ba a tambayar yaro ɗan gidan wane ne. Daga wannan rumfa ƙungiyar Salesiyan ta fito, wadda a yau take da makarantu da cibiyoyin matasa a ƙasashe sama da 130. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan mutumin, akasarinsu yabo ne irin na mabiya, cike da mafarkai da karamomi. Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan kowa na iya auna shi, ko da bai yi tarayya da mutumin a addini ba. Gidan ya rayu ne saboda shugabansa ya ɗauki zama cikin yaran a matsayin ainihin aikinsa, kuma da shugabanci ya fara tashi daga tsakar gida yana komawa ofis, sai gidan ya fara rasa irin yaran da aka kafa shi dominsu.

Turin ta wancan zamani ita ce fadar masarautar Sardiniya, ana ta gine-gine, jama'arta ta tashi daga kimanin 117,000 a 1838 zuwa kusan 137,000 a 1848. Yawancin ƙarin daga karkara ya zo. Yara 'yan cirani sukan gangaro daga kwaruruwan tsaunukan Alps da ƙauyukan Piedmont da Lombardiya, su zama leburorin birkiloli, ko masu share bututun hayaƙi, ko masu fasa dutse, ko 'yan talla. Da sassafe sukan yi cirko-cirko a kasuwar Porta Palazzo, masu neman ma'aikata su zo su zaɓi wanda ya fi ƙarfi da araha. Ranar Lahadi aiki ya tsaya, sai yaro ya rasa inda zai sa kansa. Cocin unguwa ba ta san da shi ba, domin sunansa yana rajistar cocin ƙauyensu, yarensa ma ya sha bamban da na 'yan birni. Sai su tare a bakin kogin Dora da filayen bayan gari, caca da faɗa da 'yan sace-sace, gungu-gungu. An naɗa Bosco limami a watan Yuni 1841, ya shiga makarantar ƙarin horo ta limamai a Turin, inda malaminsa Giuseppe Cafasso ya riƙa shiga da shi gidajen yari. A can ya ga samari 'yan shekara 12 zuwa 18, masu ƙarfi da kaifin basira, zaune ba aikin yi, ƙwarƙwata na cinsu. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne da yawansu sukan fita da niyyar shiryuwa, ba a jima ba a sake maido su, domin babu wanda ke jiransu a waje. Shi kansa maraya ne, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara biyu, kuma ya yi barantaka a gonar wasu yana yaro, saboda haka ya san abin da rashin babba a kusa yake nufi.

Hujjar farko tana cikin shekarun da gidan ba shi da gida. Bisa labarin da Bosco ya bayar, aikin ya fara ne ranar 8 ga Disamba 1841 da yaro guda, leburan gini ɗan shekara 16 daga Asti, wanda mai kula da cocin San Francesco d'Assisi ya kora da duka, shi kuma ya sa aka kira masa shi. Daga nan har zuwa rumfar Pinardi, shekara huɗu da 'yan watanni, taron yana yawo ne. A 1844 sun sami ɗakuna a gidan jinƙai na wata attajira 'yar sarauta, Giulia di Barolo, inda Bosco yake limanci. Da aka buƙaci ɗakunan sai suka koma maƙabartar San Pietro in Vincoli, aka kore su, suka koma wajen injinan niƙa na bakin Dora, maƙwabta suka kai ƙarar hayaniya, suka kama hayar ɗakuna a gidan wani limami mai suna Moretta, daga nan suka ƙare a wani filin ciyawa na 'yan gidan Filippi, shi ma aka ba su wa'adin tashi. Michele di Cavour, wanda ke riƙe da tsaron birnin, ya ɗauki taron a matsayin barazana, ya sa 'yan sanda su riƙa sa ido. Limaman unguwanni sun yi ƙorafin ana janye musu yara. Ita kanta Barolo ta ba shi zaɓi a 1846, ko dai ya bar yaran titi ya riƙe aikinsa da albashinsa, ko ya tafi. Ya tafi. A duk wannan watangaririya yawan yaran ƙaruwa ya yi, daga gommai zuwa ɗaruruwa. Babu abinci na kirki, babu rufi, wani lokaci ba a san inda za a haɗu Lahadi mai zuwa ba. Abu ɗaya da bai canja ba shi ne mutumin da ya san sunan kowa, wanda zai yi tsere da su a fili, kuma ba ya fashi.

Ranar Lahadi ce aka fi ba da labarinta, da ibadar safe da darasi da wasannin yamma har duhu ya shiga. Amma a ganina nauyin aikin yana cikin sauran kwana shida. Bosco yakan bi yaran har wuraren aikinsu, ya hau kan gini, ya shiga shago, ya gaisa da ubangida, ya tambayi yadda yaro yake. Wannan ziyara tana da amfani ta fuska biyu: yaro ya ga akwai mai nemansa, ubangida kuma ya san wannan bare yana da babba a bayansa, ba za a ci zalinsa a banza ba. Ranar Asabar yakan koma gidajen yari da burodi da 'ya'yan itace, ya ƙulla sabo da waɗanda za a saka, don su san inda za su nufa. Ya buɗe ajin dare na karatu da rubutu da lissafi. Da masarautar ta yanke komawa ma'aunin mita da kilo da lita, ya rubuta ɗan littafi a 1849 yana bayyana sabon ma'aunin cikin sauƙi, domin yaron da bai gane awo ba kullum a cuce yake a kasuwa. A 1850 ya kafa asusun taimakon juna, kowane ɗan asusu ya zuba soldo ɗaya ranar Lahadi, in ciwo ya kwantar da shi a ba shi centesimi 50 kowace rana. Sai kuma yarjejeniyoyin koyon sana'a, waɗanda har yanzu wasu daga cikinsu suna ajiye. Wadda aka fi sani ita ce ta 8 ga Fabrairu 1852, tsakanin wani kafinta da yaron da zai koya a hannunsa na tsawon shekara biyu. Kafintan ya ɗauki alkawarin koya masa sana'ar sosai, ba zai sa shi aikin da ba na sana'a ba ko wanda ya fi ƙarfinsa, zai yi masa gyara da baki ba da duka ba, zai bar shi ya huta ranakun hutu, kuma ladansa zai riƙa ƙaruwa. Bosco ya sa hannu tare da su. Da ya ga duk da haka wasu iyayen gida ba sa cika alkawari, sai ya buɗe shaguna a cikin gida: ɗinkin takalma da tela a 1853, ɗaurin littattafai a 1854, kafinta a 1856, maɗaba'a da maƙera a farkon shekarun 1860. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka zauna aka tsara tun farko. Kowanne ya fito ne daga wata matsala da ya gani da idonsa saboda yana wurin.

Haka ma zancen kwana. A watan Nuwamba 1846, bayan wata rashin lafiya da ta kusa kashe shi, ya taho da mahaifiyarsa Margherita Occhiena daga ƙauye, mace manomiya da ba ta yi karatu ba. Ta yi shekara goma tana girki da wanki da ɗinkin tsummokaran yara har ta rasu a gidan a 1856. A watan Mayu 1847 wani maraya daga kwarin Valsesia ya ƙwanƙwasa ƙofa cikin ruwan sama, ita ta shimfiɗa masa a kusa da murhu, daga nan ɗakin kwana ya samo asali. Sai a 1877 Bosco ya rubuta 'yan shafuka yana bayyana hanyarsa, ya kira ta hanyar rigakafi, ya ce ta tsaya a kan hankali da addini da ƙauna. Ya bambanta ta da hanyar da ake kafa doka, shugaba ya ja jiki, ya jira a karya don ya yi hukunci. A tasa hanyar malami yana cikin yaran a fili da ɗakin cin abinci da shago, yana wasa da su, yana ganin rigima tun tana tsiro. Ya hana duka da duk wani horo na wulaƙanci. Rigakafi ya fi magani, kowa ya san wannan, amma rigakafi irin wannan tsada gare shi, domin da lokacin shugaba da jikinsa ake biya.

Mai suka zai ce ai wannan labarin mutum guda ne mai farin jini, kuma abin da ya dogara da farin jinin mutum guda tare suke shiga kabari. Zai ƙara da cewa yawancin abin da aka sani game da shekarun farko daga bakin Bosco ya fito, a littafin tunawa da ya rubuta a shekarun 1870, wajen shekara talatin bayan faruwar al'amuran, don tarbiyyar mabiyansa. Wannan gaskiya ne, kuma masana tarihi na cikin ƙungiyar, irin su Pietro Stella da Pietro Braido, sun yi aikin tace labarin da takardun zamanin. Sun nuna cewa ba shi ya fara irin wannan wuri a Turin ba, wani limami Giovanni Cocchi ya riga shi tun 1840, kuma akwai abokan aiki kamar Giovanni Borel da suka ɗauki nauyi mai yawa. Sai dai yarjejeniyoyi da shaguna da asusu ba tatsuniya ba ne, takardunsu suna nan. Game da farin jini kuwa, amsar tana cikin yadda ya sami magada. A rikicin siyasa na 1848 da 1849 limamai da dama da ke taya shi sun watse, wasu suna son a shigar da yaran cikin zanga-zangar kishin ƙasa, shi kuma ya ƙi. Daga nan ya juya ga yaran da kansu. Ranar 18 ga Disamba 1859 da aka kafa ƙungiyar Salesiyan a ɗakinsa, kusan duk waɗanda suka halarta samari ne da suka tashi a gidan. Michele Rua yana da shekara 22, maraya ne da ya san Bosco tun yana ɗan shekara takwas. Giovanni Cagliero yana da 21. Rua ya shugabanci makaranta yana da shekara 26, Cagliero ya jagoranci tawagar farko zuwa Ajantina a 1875. Da Bosco ya rasu ranar 31 ga Janairu 1888 ya bar 'yan ƙungiya sama da 700, kuma kafin magajinsa Rua ya rasu a 1910 sun kai wajen 4,000. Wanda yake zaune cikin yara ne kaɗai zai iya gane wane ɗan shekara goma sha biyar ne za a iya damƙa wa amana, kuma ta wannan hanya ce zaman tsakar gida ya haifi magada.

Suka ta biyu ta fi shafar addini: cewa wasa da burodi ƙugiya ce, manufa ita ce a kama ran yaro. Bosco bai taɓa ɓoye cewa ceton rai ne babban burinsa ba, kuma yaron da ya zo wasa ana sa ran zai zauna darasin addini. Ba kuma mutum ne mai sassauci ga sauran ɗariƙu ba. Bayan da masarautar ta ba Kiristocin Waldensiyan 'yancinsu a 1848, ya yi ta rubuce-rubuce masu zafi a kansu, musamman a jerin ƙananan littattafan da ya fara fitarwa a 1853. Ba zan wanke shi daga wannan ba. Amma akwai abubuwa da ya kamata a ɗora a ɗaya gefen sikeli. Kusan duk yaran Valdocco 'ya'yan Katolika ne tun asali, saboda haka addinin iyayensu ake koya musu. A rubutunsa na 1877 ya ce kada a tilasta wa yaro manyan ibadu, a dai ƙarfafa shi. Kuma imanin ne ya riƙe ma'aikata a aikin da ba albashi: a annobar kwalara ta 1854, wadda ta fi tsanani a unguwannin da ke kewaye da Valdocco, manyan yaran gidan sun fita jinyar marasa lafiya a lokacin da dangi ke gudun dangi. Hatta Urbano Rattazzi, ministan da dokarsa ta 1855 ta rushe ƙungiyoyin addini da dama, ya taimaki gidan, ya kuma ba Bosco shawarar yadda zai tsara ƙungiyarsa ta yadda doka ba za ta taɓa ta ba. Mutumin da ke adawa da ikon coci ya ga amfanin da ba zai iya musantawa ba. Tambayar tana ƙara nauyi ne inda yaran ke bin wani addini daban, kamar cibiyoyin koyon sana'a da Salesiyan suka gudanar a Khartoum da El Obeid a Sudan, inda Musulmi da yawa suka koyi sana'a. A irin wannan wuri ma'auni ɗaya ne, ko cibiyar ta coci ce ko ta masallaci: kada taimako ya zama farashin sauya addini, kuma iyaye da jama'a su san abin da ake koyarwa.

Akwai masu cewa sadaka irin wannan tana rufe zalunci ne kawai, tunda Bosco daga hannun masu kuɗi da 'yan sarauta yake roƙo, bai kuma taɓa ƙalubalantar tsarin da ke jefa yara kan titi ba. Haka ne, ba ɗan gwagwarmayar siyasa ba ne. To amma Italiya ba ta yi dokar farko kan aikin yara ba sai 1886, ita ma babban abin da ta yi shi ne hana ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 9 a masana'antu da ma'adinai. Yaron da aka rubuta wa yarjejeniya a 1852 ba zai iya jiran shekara 34 ba.

Sukar da ta fi ƙarfi, wadda nake ganin ta sami gaskiya, daga cikin gida ta fito. Tun daga shekarun 1860 ƙarfin ƙungiyar ya karkata ga makarantun kwana: Mirabello a 1863, Lanzo a 1864, Alassio a 1870, har da Valsalice a 1872, makarantar 'ya'yan masu hali wadda Bosco ya karɓa ba da son ransa ba. Dalilan a fili suke. Makarantar kwana tana kawo kuɗin makaranta, tana samar da masu shiga limanci, kuma ta fi sauƙin tafiyarwa a kan taron yaran da ke zuwa yau su ɓace gobe. A Valdocco kanta ɗaliban kwana suka cika gida, taron Lahadi na yaran unguwa ya koma gefe. Shi ma Bosco lokacinsa ya tafi ga gina manyan coci-coci, da tafiye-tafiyen neman kuɗi a Faransa da Sifen, da doguwar taƙaddama da babban limamin Turin, Lorenzo Gastaldi, wadda sai a 1882 Paparoma ya sasanta. Wasiƙar da aka aiko da sunansa daga Roma ranar 10 ga Mayu 1884 kuka ce a kan wannan. Ta kwatanta filin wasa na da, inda malamai ke tsakiyar yara, da na yanzu, inda suke tsaye a gefe suna hira da junansu, shugabanni sun zama abin tsoro, yara sun koma gungu-gungu suna raɗa. Ta ce ƙaunar yaro ba ta wadatar ba sai yaron ya san ana ƙaunarsa, kuma hanyar ita ce a so abin da yake so, a shiga wasansa. Wanda ya kafa gidan, shekara huɗu kafin rasuwarsa, ya shaida cewa gini da tsari sun ƙaru, abin da ya tara yaran a filin Filippi kuma yana zubewa. Akwai wasu giɓi biyu da bai kamata a tsallake ba. 'Yan mata sun jira har 1872, lokacin da aka kafa reshen mata tare da Maria Domenica Mazzarello a Mornese. Sannan a ƙarni na 20 an ci zarafin yara a wasu makarantun ƙungiyar, kamar yadda hukumar binciken da gwamnatin Ostireliya ta kafa ta bayyana a 2017. Kusanci tsakanin babba da yaro alheri ne a fili inda kowa ke ganin kowa. A bayan rufaffiyar ƙofa, inda ba mai bincike daga waje, yana iya zama masifa, kuma sunan waliyyi a bakin ƙofa ba ya kare kowa.

Salesiyan sun iso Nijeriya a 1982, suka fara da Akure da Ondo, daga baya Onitsha, a Ghana kuma suna Sunyani da Ashaiman. Waɗannan cibiyoyi, da duk wata irinsu da wata coci ko masallaci ko ƙungiyar unguwa ta buɗe don yaran da ke gararamba, da abubuwan da tarihin Valdocco ya nuna ya kamata a auna su. Duk wanda aka nemi ya ba irin wannan wuri kuɗinsa ko ɗansa, ya je da yamma ba tare da sanarwa ba, ya duba ko shugaban yana cikin yaran, ya tambaye shi inda yaro kaza yake aiki da sunan ubangidansa, ya tambayi nawa ne cikin ma'aikatan suka tashi a gidan, kuma wane ne daga waje yake da ikon shigowa ya bincika.